Kayan Ɗakin Saffana

Gandun Albasa, Kano
9 ga Maris, 2008

Ɗana Ilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Alhaji yana gaishe ka, ƙafar tasa ta yi sauƙi. Na ga Innarka a gidan suna a Kurna, ta ɗan rame amma bakin yana nan yadda ka san shi.

Na rubuto maka ne ta hannun Alhasan mai takalma saboda maganar akwai awo a cikinta, kai kuma a waya sai ka yi ta "to Gwaggo, to Gwaggo" ka ajiye ka manta. An fara shirin auren Saffana, bayan Babbar Sallah in Allah ya kai mu. Ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana, kuma na rantse ba zan jera mata katakon bakin titi da aka lulluɓe da famaika ba.

A gidan wata ƙawata a Abuja na ga irin wanda nake so. Ta ce sunansa farin ok. Ba fari ne fat ba, launin surfaffen gero ne, da wasu zare-zare a jikinsa masu ɗaukar ido in haske ya taɓa su. Na ƙwanƙwasa shi, na gwada ɗaga kujera ɗaya da hannu ɗaya na kasa. Shi nake so, ba mai kama da shi ba. Gado da sif da madubi, kujerun falo, teburin cin abinci, da ƙofofin durowoyin kicin. Awon ɗakunan yana bayan takardar nan, kada ka rage ko ɗan yatsa.

Na san aikinka sayen riguna ne a kasuwar Shahe kana turo wa 'yan Kwari, ba ka san katako ba. To ka koya. Kakanka da babana ciki ɗaya suka fito, ba ni da wanda zan damƙa wa wannan a ƙasar Sin sai kai. Kuma ka san Saffana tun tana yawo da ɗan kamfai, ka san abin da idonta yake so.

Ranar jere so nake matan dangin Alhaji su shiga ɗakin nan su rasa abin cewa. Wannan kaɗai nake nema a wurinka.

Gwaggonka,
Hajiya Hasiya

Xiaobei, Guangzhou
6 ga Afrilu, 2008

Gwaggo,

Wa'alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ki, na gaida Alhaji, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni lafiya ƙalau sai zafi da ruwan sama.

Gwaggo, a tsaye na karanta takardarki a ƙofar benen kasuwar Tianxiu, mutane suna ture ni ban ma sani ba. Kallamu, ɗan Maradin da muke ɗaki ɗaya, ya ce bakina ya kai kunne. Tun ranar da marigayi Baba ya ce miki a tsakar gidanmu "Saffana ta Ilu ce" kika ce "Allah ya nuna mana", ban sake kallon wata mace ba. Na yi zaton sai na ƙara shekara ina tara abin hannu kafin in turo Baffa Musa, ashe kin riga ni. Na san a al'ada ango ba ya ganin kayan ɗaki sai an tare, amma kin ɗauke ni ɗa kin sa ni zaɓe da kaina. Allah ya saka miki da Aljanna.

Na bar riguna na shiga katako. Akwai wata kasuwa a Lecong, can wajen gari, kujeru da gadaje ne iya ganinka. Duk wanda na ce wa farin ok sai ya ce akwai, ya nuna min katakon roba da aka shafa wa launi. Da na matsa sai a ce "meyo", wato babu. A ƙarshe na samu wani dattijo mai ƙaramin wurin aiki, Lawban Chen, wato maigida Chen da yarensu, shi ne ya nuna min na gaskiya, wanda ake kawowa daga Amurka. Ya yanko guntu biyu, ja da fari, ya ce in tsoma bakin kowanne a ruwa in hura. Jan sai ga kumfa tana fita, farin kuwa har kumatuna suka yi ciwo iska ba ta wuce ba. Shi ya sa ruwa ba ya cin sa. Zare-zaren da kika gani kuma ba kowane yanka ne yake fito da su ba, sai an tsaga gungumen gida huɗu, ana asarar katako da yawa. Na ce haka za a yi.

Matsala biyu ce. Ta farko, iskar garin nan jiƙe take, riga ma ba ta bushewa. Katakon da aka haɗa a nan in ya sha ranin Kano ɗaya zai tsuke ya tsage. Dole a mayar da shi ɗakin busarwa ya ƙara wasu makonni kafin zarto ya taɓa shi, kuma in ba a tsaye kake ba za su fito da shi da wuri. Ta biyu, bizata za ta ƙare ƙarshen Mayu. Da can sai mu tsallaka Hong Kong a buga mana sabuwa, yanzu saboda wasannin Olamfik sun rufe wannan ƙofar, sun ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. In na fita, shigowa sai bayan wasanni, in ma an ba ni.

Sai tambaya ɗaya, ki gafarce ni. Awon da kika turo ya ninka ɗakin da na gina a Kurna, sif ɗin kaɗai ba zai shiga ba. Ko Alhaji ne zai ba mu aron saman sabon gidansa? Ki gaida min Saffana, na saka mata turare da takalmi a jakar Alhasan.

Ɗanki,
Ilu

Gandun Albasa, Kano
11 ga Mayu, 2008

Ilu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, sai zafi da rashin wuta. Takardarka ta iso, doguwa kamar huɗubar Idi. Guntun katakon da ka saka a ciki shi ne, na kai wa ƙawata ta Abuja ta ce ya ma fi nata.

Maganar ɗaki ba taka ba ce yanzu. Mata ne suka je suka auna, kai aikinka ka bi awo.

Maganar biza kuma ban gane ba. Kai da bakinka ka ce in ba a tsaye kake ba za su cuce mu, sannan kana min zancen tahowa? Ka taho ka bar wa wa? Wannan Kallamun da ban san uwarsa ba ban san ubansa ba? Mutum nawa ne 'yan Kano suke zaune a can takardunsu sun ƙare, ba ga su suna cin tuwonsu ba? Namiji ne kai ko kuwa? Babanka da ya yi fatauci har Sudan da ƙafa bai taɓa rubuto wa kowa yana kukan takarda ba.

Ka ji ni da kyau. In ka sauka a Kano kayan nan ba su hau ruwa ba, kada ka tako ƙofar gidana, kuma duk wata magana da kake ganin tana tsakaninmu ka ɗauka ta mutu.

Saffana ta ga takalmin, ta ce an gode. Tana Zariya tana jarrabawar ƙarshe, kada ka dame ta da waya.

Gwaggonka

Lecong
20 ga Yuli, 2008

Gwaggo,

Ina gaisuwa da fatan kowa lafiya. Wannan ce takarda ta uku da na rubuto tun bayan taki ta Mayu, ban ji amsa ba. Na san matafiya sun yi ƙaranci saboda biza, wataƙila sauran sun maƙale a jakar wani. Na kira wayarki ma ba a ɗauka ba.

Na zauna, Gwaggo, kamar yadda kika ce. Bizar ta ƙare. Kallamu ya tafi gida, ya yi min faɗa har ya gaji, ya ce a garinsu ko mahaukaci ba ya zama a ƙasar mutane ba takarda saboda gado. Unguwarmu Xiaobei ta zama abin da ta zama, ana tare mutane a bakin gada da ƙofar masauki ana tambayar fasfo. Wani ɗan Mali da muke sallar Juma'a tare ya ji ana buga ƙofa ya diro ta taga, ƙafafunsa duka biyu sun karye. Mai gidan da nake haya ta ce in tashi kada in jawo mata. Yanzu a wurin aikin Lawban Chen nake kwana, a bayan tarin katako. Ba na fita ko bakin titi, Juma'a ma na daina zuwa. Garin katako ya shiga ƙirjina ina ɗan tari, amma da sauƙi, kada a gaya wa Inna.

Aiki kuwa sai kin gani. Katakon ya bushe yadda nake so. Na mayar da allon kan gado har sau biyu, na farko akwai tabon reshe a tsakiyarsa, na biyu zarensa bai haɗu da na gefe ba. Lawban ya dafe kai ya ce bai taɓa ganin baƙo mai fitina irina ba. Na hana a sa ƙusar ƙarfe ko ɗaya, don wannan katakon in ya haɗu da ƙarfe da laima sai ya yi baƙin tabo. Sassaƙa ake yi, wannan ya shiga cikin wannan, inda ya zama dole a sa tagulla. Na hana a yi masa fenti, mai kawai ake shafawa a goge a sake shafawa, don launin geron nan ya fito.

Madubin na sa an ɗan sauke shi ƙasa da yadda suka saba, tunda Saffana ba ta da tsawo, kafaɗata take kaiwa, ni ɗin ma da ake kira gajere. Na sa an yi mata 'yar durowa a gefen gado mai makulli. Wani lokaci in ma'aikata sun tafi cin abinci sai in zauna a bakin gadon in yi ta dariya ni kaɗai.

Baffa Musa ya ce ya je gaisuwa wurin Alhaji don a tsayar da ranar kawo kuɗin aure, aka ce masa Alhaji ya yi tafiya, ya koma aka ce yana barci. Lokaci yana tafiya, Gwaggo. Don Allah ki sa baki a ba shi rana.

Ɗanki mai biyayya,
Ilu

Gandun Albasa, Kano
14 ga Agusta, 2008

Ilu,

Muna lafiya. Takardunka duk sun zo, hidima ce ta yi min yawa. Mun ga buɗe wasannin nan a talabijin, wuta kamar za a ƙone sama. Na ce wa Alhaji ga Ilu can yana shan kallo mu muna nan muna fama da sauro.

Tarin ka sha zuma da citta. Labarin ɗan Mali kuma ban ga abin kawo min shi ba, wa ya aike shi tsalle?

Ga abin da ya sa na rubuto. A ƙara wa gadon tsawo da ƙafa guda, a yi katifar ma daidai da shi. Kujerar da ake ajiyewa ta wajen kan teburin cin abinci, ta mai gida, a ɗaga bayanta. Sannan a ƙara teburin karatu babba da kantar littattafai, duk da farin ok ɗin, kada a haɗa da wani. Wannan ba shawara nake nema ba.

Ka ce aiki ya kusa tun watan jiya. Jirgin ruwa ba jiranka zai yi ba, ga fitar da kaya daga Legas wata wahalar ce. In azumi ya raba kayan ba su tashi ba, ka kunyata ni a idon duniya.

Baffanka Musa ya cika naci. Alhaji ba shi da lafiya, a bar shi ya huta.

Gwaggonka

Lecong
17 ga Satumba, 2008

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ya ibada? Allah ya karɓa mana. Ni ma ina azumi, matar Lawban ta ware min tukunya tana dafa min kifi da shinkafa in rana ta faɗi.

Kaya sun tashi. An ƙara wa gadon tsawo, sai da aka sake sassaƙa gefunansa biyu daga sabon katako, shi ya ja lokaci. An yi teburin karatu da kantar. Ni na naɗe kowane guntu da hannuna, na sa lamba a jikinsa don kafintan da zai haɗa. Ban iya raka kwantenar tashar ruwa ba saboda shingen da ke hanya, daga bakin ƙofa na tsaya har motar ta sha kwana. Takardun fitar da kaya suna hannun Alhasan.

Da gangan na bari sai da motar ta tafi kafin in rubuto wannan, don na ji tsoron abin da hannuna zai yi wa katakon in na ji amsa yana gabana.

Gwaggo, ni gajere ne. Saffana ta fi ni gajarta. Gadon farko ma ya yi mana yawa. Ban da littafi a duniya sai Alƙur'anin Baba da wani na koyon Sinanci, ba sa bukatar kanta. Na kwanta a kan gadon nan bayan an ƙara shi, na miƙe iya miƙewata, ƙafata ba ta kai ko kusa da ƙarshensa ba.

Wa zai kwanta a gadon nan?

Ina roƙonki da girman Allah da darajar watan nan ki ba ni amsa. In kuskure na yi, ki zage ni yadda kika ga dama, zan ji daɗi. Yanzu ba ni da hanyar fita ƙasar nan sai ta hannun 'yan sanda, kuma na daure da hakan ne don abu ɗaya.

Ilu

Gandun Albasa, Kano
16 ga Nuwamba, 2008

Ilu,

Bayan gaisuwa. Alhaji ya warware, Innarka ma lafiya. Kaya sun iso ranar Talata, babu abin da ya karye. Kafinta ya bi lambobinka ya haɗa, ya ce tunda yake bai taɓa ganin aiki irin wannan ba. Wannan kam ka yi, ba zan hana ka ba.

Ban amsa takardarka ta azumi ba saboda raina ya ɓaci da ita. Har ni za ka tsare da tambaya kamar a gaban alƙali? To tunda kana so, ga ta. Sunansa Ibrahim Khalil, injiniya ne, gidansa a Nassarawa, can aka je aka auna. Iyayensa sun kawo kuɗi tun kafin in rubuta maka takardar farko. Ga katin ɗaurin aure nan na saka maka.

Kada ka ce na yaudare ka. Ɗauko takarduna duka ka duba, ina na ce kai ne mijin? Tunda aka kafa Kano ka taɓa jin an aiki ango ya sayo kayan ɗakin amaryarsa? Wa ake aike? Yayye da ƙanne da 'yan uwa. Ranar da na aike ka, ranar na ba ka amsarka, ko yaron goye ya san wannan. Kai da hannunka ka rubuta cewa a al'ada ango ba ya ganin kaya, ka rubuta cewa ɗakinka ko sif ba zai ɗauka ba, sannan ka rufe ido ka ci gaba da mafarki. In na tashe ka a lokacin, da ka watsar min da aiki ka taho, ni kuma 'ya ɗaya gare ni.

Maganar babanka, Allah ya ji ƙansa, wasa ne na tsakar gida, yana cin ɗanwake ya faɗe ta, yarinya tana rarrafe. Na ce Allah ya nuna mana, to ga shi ya nuna mana. Yarinyar da ta gama jami'a zan kai Kurna ɗaki ɗaya, ta riƙa layin banɗaki da 'yan haya, mijinta yana can yana ɗaukar buhun riguna a ƙasar wasu?

Biza kuma ban ce ka karya dokar mutane ba. Cewa na yi kada ka zo babu kaya, yadda ka yi ka zauna kai ka zaɓa. Turaruka da takalman da ka yi ta aikowa na haɗa su a jaka na bai wa Baffanka Musa, wasu ko buɗe su ba a yi ba, Innarka ta sayar ta rage zafi.

In Allah ya sa ka fito kafin biki, ka zauna a Kurna har a watse. Alhasan ya ce ka rame ka yi baƙi kana tari, ba na son dangin ango su yi ta tambayar wane ne wannan.

Gwaggonka,
Hajiya Hasiya

Lecong
27 ga Nuwamba, 2008

Saffana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Wannan takardar ta hannun Ramatou 'yar Maradi na ba da ita, ta yi min alkawarin ba za ta ba kowa ba sai ke.

Na ji komai daga Gwaggo. Ban yarda da saninki aka yi ba. Na san halin Gwaggo in ta sa abu a gaba, na san kuma ke ba kya iya ɗaga ido ki kalle ta. Shi ya sa aka hana ni kiranki, shi ya sa wayarki take rufe. Kada ki ji tsoro. Ba a ɗaura ba tukuna, kuma babu limamin da zai ɗaura in kika buɗe baki kika ce ba kya so.

Gobe zan je in miƙa kaina. An ce ana tsare mutum kwanaki kaɗan a ci shi tara a saka shi a jirgi, kuma ba zai sake shigowa ƙasar ba. Sana'ata ta tafi ke nan, ban damu ba. In Allah ya yarda zan iso kafin Sallah, in je wurin Alhaji da kaina da Baffa Musa. Ke dai ki daure ki ja lokaci, ko ciwo ne ki ƙirƙira.

Lawban Chen ya ce in zauna zai koya min aikin gaba ɗaya, na ce masa ana jirana a gida.

Naki har abada,
Ilu

Nassarawa, Kano
4 ga Janairu, 2009

Yaya Ilu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ina fatan tarin ya yi sauƙi. Alhasan ya ce har yanzu kana tsare ba a sa ranar jirgi ba, amma ana barin a shigar muku da takarda, shi ya sa na rubuto. Allah ya fito da kai lafiya. Inna ta zo biki, ta yi ƙoƙari, ba ta daɗe ba.

Takardarka ta same ni ana saura kwana kaɗan a sa ni a lalle. Na karanta, na rasa dariya zan yi ko haushi zan ji. Wa ya gaya maka tilasta min aka yi? Ni na kawo Khalil gida da kaina, tun ina aji biyu muke tare. Mama ma da farko ba ta so, ni na tsaya. Wayata kuma ba a rufe take ba, layi na canza.

Shekara da shekaru kana aiko min da turare da takalma. Ka san lambar ƙafata, ka san inda kaina yake kaiwa a kafaɗarka, har madubi ka sauke min. Amma ko sau ɗaya ba ka taɓa tsayar da ni ka ce Saffana kina sona ba. Babanka ya faɗa, shi ke nan, na zama taka kamar akuyar da aka yi maka alkawari. Duk sallar da ka zo gidanmu kana kallona kana murmushin nan, ji nake kamar in fasa ihu. Ban ce ka miƙa kanka ba, da ka tambaye ni da na ce ka zauna wurin Lawban ɗinka ka koyi sana'a.

Abu ɗaya nake so ka daina, zagin Mama da aka ce kana yi. Ita da farko Dubai ta so ta aika a sayo na kanti. Da ta dawo daga Abuja tana zancen farin katakon nan, ni na ce a ba ka. Ta ce ai Ilu zai ɗauka nasa ne, gara a gaya masa gaskiya tukuna. Na ce a'a, a bar shi a haka. Ƙara tsawon gadon ma ta so ta ɓoye ta ba wani kafinta a nan, na ce zai ɓata shi, a rubuta maka, ko ka gane sai ka gama.

Na san babu ɗan aiken da zai mayar da allo sau biyu, ya kwana cikin garin katako, ya bar takardunsa su mutu, sai mutumin da yake zaton shi zai kwana a gadon. Kuma ban yi kuskure ba, Yaya. Duk wadda ta shigo ganin ɗaki sai ta shafa shi ta tambayi wanda ya yi, ni kuma in ce wani ɗan uwanmu ne a Sin.

Khalil yana gaishe ka, ya ce a yi maka godiya.

Ƙanwarka,
Saffana Ibrahim Khalil